Duniyar Kwamfuta: Xeon Ko Core i9, Wanne Ya Dace Da Ɗakin Kwamfutar Makarantarmu?

 

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibin SS 2 a Makarfi. Ya ce tsofaffin ɗaliban makarantarsu sun haɗa kuɗi domin a gyara ɗakin kwamfuta, yadda ɗalibai za su riƙa gwajin jarrabawar JAMB tun kafin ranar ta zo. An ce ana buƙatar babbar kwamfuta guda ɗaya da za ta riƙe sauran. Wani mai shago ya kawo tayin tsohuwar saba 'yar gwanjo mai furosesa Xeon guda biyu, ya ce irinta bankuna ke amfani da ita, ga kuma araha. Wani kuma ya ce a sayi sabuwar kwamfutar tebur mai Core i9, don ita ce ƙarshen gudu. Kuɗin ba zai sayi duka biyun ba. Wacce za a ɗauka?

Tambayar ta shafi makarantu da yawa a Ikara da Kudan da sauran garuruwanmu. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, bayan ta fara gwada tsarin a 2013. WAEC ma ta fara nata a farkon 2024 da masu rubuta jarrabawa daga waje. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, yana da tambayoyi 180 a gabansa da awa biyu kacal, ya shiga da rauni tun kafin ya karanta tambayar farko. Kuɗin da iyaye da tsofaffin ɗalibai suka tara kuwa, idan aka kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, sai a yi shekaru ba a sake tara irinsa ba.

Mene ne furosesa?

Furosesa shi ne ɗan ƙaramin falle da ke zaune a tsakiyar allon kwamfuta, wanda duk wani lissafi a cikinsa ake yi. Wasu na ce masa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na farko da aka fitar kasuwa a falle ɗaya shi ne Intel 4004, a 1971, kuma ƙananan makunnai 2,300 ne a cikinsa. Na yau suna ɗauke da biliyoyi.

Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan kasuwa a ɓangaren kwamfutocin da muke gani, Intel da AMD, dukansu na Amurka. Kowannensu yana da gida biyu. Na tebur, wato na mutum ɗaya da ke zaune gaban allo: Core a wajen Intel, Ryzen a wajen AMD. Sai na saba: Xeon a wajen Intel, sunan da ya fara fitowa a 1998, da EPYC a wajen AMD, wanda ya fito a 2017. Saba ita ce kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, shi ya sa wasu ke kiranta uwar garke. Duk lokacin da ka duba sakamakon jarrabawa a waya, ko ka tura kuɗi ta POS, wata saba ce a wani wuri ta amsa maka.

Gudu da yawan hannu

Abubuwa biyu masu shago suka fi faɗa idan suna yabon furosesa. Na farko gudunsa, wanda ake rubutawa da GHz. GHz ɗaya na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. Na biyu yawan ƙwayoyin aikin da ke cikinsa, abin da za ku ga an rubuta cores a jikin kwali. Kowace ƙwaya tamkar ma'aikaci ɗaya ce mai cin gashin kanta.

Manyan furosesoshin tebur ma'aikatansu kaɗan ne amma masu zafin nama. Ryzen 9 7950X yana da ƙwaya 16, gudunsa yana kaiwa GHz 5.7. Core i9-14900K yana da 24, yana taɓa GHz 6. Na saba kuwa taron dangi ne. EPYC 9965 da ya fito a 2024 yana da ƙwaya 192, sai dai kowace ɗaya ba ta kai ta tebur gudu ba, domin idan aka sake su duka su yi irin wancan gudu, zafi da cin wuta za su wuce misali.

To wanne ya fi? Ku tuna da gayya. Idan noman gonar rake ne a fadamar Makarfi, mutum ashirin za su gama da hantsi abin da mutum ɗaya zai kwana biyar yana yi, domin kowa zai kama kunyarsa. Amma idan haƙar rijiya ce, mutum ɗaya ne ke shiga ƙasa. Ko ka tara mutum hamsin a bakin rijiyar, zurfinta yana tafiya ne da ƙarfin wanda ke ciki. Aikin kwamfuta ma haka yake. Wani yana rabuwa, kamar amsa buƙatun mutum dubu a lokaci ɗaya, ko fitar da bidiyon da aka gama tacewa. Wani kuma dole sai an bi shi mataki bayan mataki, kamar yawancin abin da ke faruwa idan ka buɗe manhaja, ko kana buga wasiƙa, ko kana wasan ƙwallo a kwamfuta.

Wani masanin kwamfuta a Amurka, Gene Amdahl, ya bayyana wannan a 1967, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan JSS 3 ba. A ce wani aiki yana cin awa 10 a hannun ƙwaya ɗaya, rabinsa yana rabuwa, rabinsa ba ya rabuwa. Da ƙwaya 4, awa biyar ɗin da ke rabuwa za su koma awa ɗaya da kwata, jimilla awa 6 da minti 15. Da ƙwaya 16, awa 5 da minti 19. Da ƙwaya 64, awa 5 da kusan minti 5. Kun ga daga 16 zuwa 64 an ninka ma'aikata sau huɗu, amma minti 14 kawai aka rage. Ko ƙwaya dubu aka zuba, ba za a sauko ƙasa da awa biyar ba. Don haka idan mai shago ya ce maka ƙwaya 28 ce a ciki, tambayar da za ka yi ita ce: aikina noma ne ko haƙar rijiya?

Abin da ya sa na saba yake da tsada

Masu sayen furosesan saba ba gudu kaɗai suke biya ba. Akwai abubuwa huɗu da suka bambanta shi.

Na farko, faɗin hanya. Furosesa yana ɗebo bayanai ne daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi. Na tebur hanya biyu gare shi zuwa can. EPYC na zamani yana da sha biyu, kuma yana iya riƙe RAM da ta ninka ta tebur sau da yawa. Haka ma wuraren jona faifan ajiya da katin sadarwa sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Na biyu, ana iya ɗora biyu a kan allo ɗaya su yi aiki tare. Core da Ryzen ba sa yin haka.

Na uku, kayan da ke kewaye da shi. Saba ta gaske takan zo da gidan wuta biyu, idan ɗaya ya ƙone ɗayan ya ci gaba. Ana jera mata faifan ajiya yadda kowane bayani yana da kwafi. Kuma injiniya yana iya kunna ta ko ya duba lafiyarta daga wani gari.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, RAM mai gyara kuskure, wadda ake kira ECC. Kun san kwamfuta da 0 da 1 take lissafi. Wani lokaci, saboda lalacewar kaya ko wasu ƙananan ƙwayoyi da ke ratso sararin samaniya, sai 0 guda ta juye ta koma 1. A zaɓen ƙasar Beljiyam na 2003, a gundumar Schaerbeek da ke birnin Brussels, na'urar ƙidaya ta ba wata 'yar takara ƙuri'a 4,096 fiye da abin da ta samu. Ku ɗauki biro ku ninka 2 sau 12, za ku ga 4,096 ne cif. Wannan ya sa masu bincike suka fi karkata ga cewa lamba ɗaya ce tak ta juye a cikin na'urar. ECC tana gano irin wannan juyi ta gyara shi nan take. A kwamfutar kallon fim, kuskure irin wannan ba zai wuce ɗigo ɗaya a allo ba. A banki ko asibiti ko hukumar jarrabawa kuwa, yana iya zama kuɗin wani ko makin wani.

Saboda haka ne manyan rumbunan bayanai, irin na Galaxy Backbone a Abuja da Rack Centre a Legas, suke cike da irin waɗannan na'urori a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta yankewa. Kwamfutar Frontier ta Amurka, wadda ta zama mafi sauri a duniya a 2022, da dubban EPYC aka gina ta. Akwai kuma 'yan tsakiya, irin su Threadripper na AMD da Xeon W na Intel, waɗanda aka yi wa injiniyoyi da masu haɗa manyan finafinai. Suna da ƙwayoyi da yawa da gudu mai kyau, amma kuɗin ɗaya daga cikin manyansu zai iya cika aji guda da kwamfutoci.

Darasi daga JAMB ta 2025

Kada ku ɗauka sayen babban furosesa shi ne maganin kowace matsala. A watan Mayun 2025, shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi afuwar 'yan ƙasa, bayan an gano cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Dole aka sake musu jarrabawa. Bayanin da hukumar ta yi shi ne, an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai shiga wasu sabobin yadda ya kamata ba. Ba ƙarancin ƙwaya ba ne, ba kuma rashin gudu ba.

Abubuwa biyu za mu ɗauka a nan. Idan kwamfutar tebur ta samu matsala, mutum ɗaya ne ya shiga uku, amma idan saba ce, duk wanda ke jingine da ita ya shiga. Sannan lafiyar saba tana hannun mai kula da ita fiye da sunan da ke jikin kwalinta. Makarantar da za ta sayi saba, ta fara tambayar kanta wa zai riƙa duba ta, wa zai riƙa ajiye kwafin bayanai, wa za a kira idan ta ƙi tashi.

Tarkon gwanjo

Mu koma kan tayin mai araha. Kamfanonin Turai da Amurka da Sin sukan sauya sabobinsu bayan 'yan shekaru, tsofaffin kuma su kwararo kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja har shagunan Kano da Zariya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawo shi ne Xeon E5-2680 v4, mai ƙwaya 14. Guda biyu sun ba da 28 ke nan. Lambar tana da daɗin ji, amma kada a yi wa rogo kallon kitse. A 2016 ya fito, gudunsa na yau da kullum GHz 2.4 ne, iyakarsa 3.3. A aikin haƙar rijiya, ƙaramin Core i3 na 2022 zai bar shi a baya.

Sannan ga waɗannan. Ba ya cikin jerin furosesoshin da Microsoft ta amince su ɗauki Windows 11, alhali kamfanin ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Masu saba sukan sa mata Linux ko Windows ta saba, wanda ke buƙatar wanda ya iya. Allonsa daban ne, RAM ɗinsa daban, ba kowane mai gyara ne ke da kayansa ba. Idan wani abu ya ƙone, sai a jira saƙo daga Legas. Fankokin irin sabar da ake jerawa a kanta kuwa ƙararsu ba za ta bari malami ya yi darasi a ɗakin ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe su, ga zafin bazara da ke kusantar digiri 40 a yankinmu, alhali don ɗaki mai na'urar sanyaya aka ƙera su.

Babbar magana ita ce wuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗancan Xeon biyu an ƙiyasta masa wat 120. Idan aka haɗa da fankoki da faifai da RAM, mu ɗauka na'urar tana jan wat 300 lokacin da take aiki sosai. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wat-awa 2,400, kuma idan irin na ruwa ne, rabi ake so a sha don kada ya mutu da wuri, wato 1,200. Raba 1,200 da 300: awa huɗu, kafin ma a cire abin da inbata ke ci. Wannan batirin zai riƙe laftof mai wat 45 fiye da awa 20. Core i9-14900K shi ma ba kanwar lasa ba ne, domin shi kaɗai yana iya jan wat 253 idan aka matsa masa. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, kuɗin fetur da batir na shekara biyu yana iya wuce kuɗin sayen na'urar. Araha ba ta ado.

To wacce za a saya?

Ga ɗakin gwaji mai kwamfuta 30 ko 40, aikin babbar kwamfutar shi ne ta tura tambayoyi ta karɓi amsoshi, A ko B ko C ko D. Rubutu ne zalla da 'yan hotuna, kaya mara nauyi. Hoto ɗaya da kuka ɗauka a waya ya fi tambayoyin darasi guda nauyi. Wannan aiki bai kai a kira tirela ba, bai kuma kai a kira motar tsere ba.

Shawarata ga kwamitin ita ce kada a ɗauki ko ɗaya cikin biyun. A nemi kwamfutar tebur matsakaiciya mai Core i5 ko Ryzen 5 na 'yan shekarun nan, da RAM mai GB 16, da faifan SSD. Rarar kuɗin a kashe ta a kan UPS ko inbata da batir, da wayoyin sadarwa masu kyau da akwatin da ke haɗa su, da faifai na biyu na ajiye kwafi. Abin da ya saura a ƙaro kujeru da kwamfutocin ɗalibai. A makarantar da aji ɗaya ke da ɗalibi 70, ƙarin kwamfuta biyar ya fi ƙarin ƙwaya ashirin amfani, domin abin da ɗalibi ke nema shi ne hannunsa ya saba.

Idan kuma wata rana makarantar ta so zama cibiyar JAMB ta gaske, maganar ta canza. Hukumar tana neman aƙalla kwamfuta 250 masu aiki da wasu na ko-ta-kwana, duk a jone da waya, kuma tana da nata sharuɗɗan da ake bi sawu da ƙafa. A nan ba a sayen komai sai an karanta takardar sharuɗɗan ta wannan shekarar.

Ga sauranku masu irin wannan tambaya a gida, ga ma'auni. Yayanka zai buɗe shagon tace bidiyon biki da zanen fosta a Ikara ko Hunkuyi? Na tebur mai ƙarfi ya dace da shi, Core i7 ko Ryzen 7 zuwa sama, tare da katin hoto mai kyau. Shagon buga takardu da cike fom ne? Core i3 ko i5 ya wadatar. Asibiti ne ko ƙaramin banki da bayanan mutane za su zauna dare da rana, kuma kuskure ɗaya zai cutar da wani? Nan ne gidan saba da ECC, kuma akwai ƙanana irin su Xeon E da EPYC 4004 da aka yi domin ƙananan ma'aikatu.

Kowanne za ku saya, ku duba cikakkiyar lambar, kada ku tsaya a kan i5 ko i7. A Core i7-4770, lambar 4 ta farko tana nuna zubi na huɗu, na 2013. A Core i3-12100, lambar 12 tana nuna zubi na sha biyu, na 2022, kuma wannan i3 ya fi wancan i7 sauri. Mutane da yawa sun biya kuɗin suna sun tafi gida da tsohon kaya. A kunna na'urar a gabanku, a nuna muku lambar a kan allo, ba a kan takardar da aka manna a jiki ba, sannan a rubuta ta a rasit.

Aikin gida

Duk wanda ya samu shiga ɗakin kwamfuta a wannan mako, da izinin malami, ya danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci ɗaya. Taga za ta buɗe. Ya shiga Performance, ya zaɓi CPU. Ya rubuta abubuwa uku a littafinsa: sunan furosesan da lambarsa, yawan ƙwayoyinsa, da kashi nawa cikin ɗari yake aiki lokacin da ake buga rubutu. Da yawanku za ku yi mamakin ganin yawancin ƙarfinsa a zaune yake.

Sai tambayar lissafi. Wani aiki yana cin awa 8 a ƙwaya ɗaya. Kashi uku cikin huɗu yana rabuwa, kashi ɗaya ba ya rabuwa. Awa nawa zai ci a ƙwaya 6? Kuma mene ne mafi ƙarancin lokacin da zai iya ci, komai yawan ƙwayoyin da aka zuba? Ku aiko da amsa tare da sunan makaranta da aji. Muna so mu ga amsoshin 'yan mata da yawa a wannan karo, domin aikin kula da saba ba ya buƙatar ƙarfin damtse, kuma ana koyar da ilimin kwamfuta a nan kusa da ku, a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba bambancin faifan SSD da tsohon faifai mai juyawa, da dalilin da ya sa canza shi kaɗai yake farfaɗo da kwamfutar da aka fid da rai da ita. A yi karatu da kyau, a huta lafiya.